Juyi Uku da Rabi

Shekara talatin da ɗaya Mai Madubi ya yi yana zuwa cin abincin rana gidan yayarsa duk ƙarshen mako, kuma ba a taɓa yin ranar da loma ta wuce masa salin-alin ba. Yaya ta daɗe da yanke hukunci cewa gyambon ciki ne, har ta hana a sa masa yaji. Shi kuwa ya san ciwonsa. Ciwon yana zaune a gabansa a kujerar roba, yana tura masa kwano yana cewa ya ƙara: mijin Yaya, wanda ya rasa aikinsa da sunansa a kan laifin da ba shi ya yi ba. Mutum ɗaya tak ya san haka a duniya, shi ne mai laifin, ya kuma ja bakinsa ya tsuke.

Sai an koma baya kaɗan. Lokacin da ƙasar ta ce ita ma za ta riƙa ƙera talabijin ɗinta, an gina masana'anta a bayan tashar jirgin ƙasa, wata doguwar rumfa mai tagogi can sama kusa da rufi. Masu baki suka yi ta dariya, wai mutanen da allura ma sai an kawo musu daga ƙetare su ne za su yi akwati mai hoto. Da farko ba su yi ƙarya ba. Komai a manyan akwatuna yake zuwa, har sukurori a ɗaure cikin leda, aikin ma'aikata su haɗa su manna tambari. Amma manajan farko mutum ne mai kafiya. Ya sa aka kafa baƙin allo a bakin get, aka jera sunayen kayan cikin talabijin guda arba'in da biyu, duk wanda aka fara yin sa a gida sai a ja masa layi da farin fenti. Shekarar farko aka ja wa akwatin katako. Daga nan lasifika, sai wayoyi, sai maɓallan murɗawa. Ma'aikata in sun shigo da safe sai sun ɗaga kai sun dubi allon, ko da sun san yadda suka bar shi jiya haka yake. Sunan da ke can ƙasa, wanda kowa ya san shi ne mai wuyar, shi ne kwalba, wato babban gilashin nan mai ƙaton ciki da hoto ke fitowa a fuskarsa.

Mijin Yaya yana cikin waɗanda aka buɗe wurin da su, shi ya riƙo hannun ƙanin matarsa ya kai shi ofis. A gida Auta ake ce wa ƙanin, don Yaya ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma har ya yi furfura ba ta canja masa suna ba. A masana'anta ne ya zama Mai Madubi. An ba shi teburin ƙarshe, wanda kowane akwati sai ya biya ta kansa kafin a rufe shi a saka a kwali. Mai wannan aiki a bayan akwatin yake zama, bayan a buɗe, hannu ɗaya a ciki ɗaya a aljihu, don wutar da ke wurin in ta samu hannu biyu tana iya maka mutum da bango. Tun da ba ya ganin fuskar akwatin daga inda yake, sai a tsayar masa da madubi a gaba, ta ciki yake kallon hoton yana murɗa 'yan sukurorin saiti da sukudireba ta roba.

A zamanin baƙi-da-fari ba a yi kamarsa ba, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Hoton gwaji da'ira ce da matakan toka-toka guda takwas, daga baƙi wuluk zuwa fari fat. Wasu in sun saita da'irar sai ta fito kamar ƙwai, tasa kuwa kamar an kifa kofi an zagaye. In ya gama sai ya ɗiga fenti a kan kowane sukuru don kada ya motsa, a hankali har ta zama doka wadda ba a rubuta ba: ɗigon Mai Madubi ba a fasa shi. Injiniyoyi masu takardu ma ba sa taɓawa. Yabo ya yi masa yawa, ya kuwa shiga kansa. Sukudirebar nan a bayan kunne yake yawo da ita, har dubiya asibiti yakan je da abarsa.

Sai kala ta zo. Ranar da injiniyan kamfanin ƙetare, waɗanda ake sayen kwalabe a wurinsu, ya kunna akwatin samfur, duk rumfar ta bar aiki ta taru. Sanduna ne masu launi a jere. Mata masu liƙa wayoyi da dalma suna ta santin jan, wani ya rantse koren ya fi na ganyen gaske. Mai Madubi ya kutsa gaba, don gaba ne wurinsa, ya duba, ya sake dubawa. Shuɗi ya gani, rawaya ya gani. Inda suke nuna ja da inda suke nuna kore kuwa, shi abu ɗaya yake gani, wani irin ruwan ƙasa-ƙasa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu. Ya tuna yadda matarsa ta daina aikensa sayen tumatir tun tana amarya, don kullum sai ya haɗo mata da ɗanye, tana cewa sakacin maza ne. Shi ma ya ɗauka sakaci ne. Duk zamansa a duniya ya ɗauka mutane ne ke da zuzuta magana a kan launi.

Ba wanda ya gwada shi kafin a ba shi teburin kala. Wa zai gwada Mai Madubi? Wata ukun farko ya samu rufin asiri, don an kawo na'urar auna launi mai allura, allurar yake bi. Sai na'urar ta mutu. Aka rubuta takarda a aiko da kayan gyaranta, takardar ta tafi ba ta dawo ba. Sabon manaja, don na farkon ya yi ritaya, ya ce ba komai, ai suna da na'urar da ke cin abinci. Aka yi dariya, har da shi.

A ranar, lokacin hutun rana, ya ce kansa na ciwo, ya tsaya shi kaɗai ya buɗe bayan samfurin. Sukurorin launi uku ne a jere, na hagu ja, na tsakiya shuɗi, na dama kore. Ya mayar da kowanne baya har ƙarshe yana ƙirga juyi, sannan ya dawo da shi yadda yake. Ja biyu, shuɗi biyu da kwata, kore uku da rabi. Daga ranar idonsa ya bar aiki, yatsunsa suka karɓa. Yakan ƙanƙance ido a madubi, ya karkata kai, ya turo baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya, alhali ƙirge yake yi. Kwalaben ƙetare kuwa kamar uwa ɗaya ta haife su, abin da ya yi wa wannan shi zai yi wa waccan. Shekara huɗu yana wannan wasan, har aka ba shi takardar yabo a firam.

A waɗannan shekarun mijin Yaya ba a zaune yake ba. Kamfani ya tura shi ƙetare koyon aikin gilashi, ya dawo a rame da littattafai shida cike da rubutun hannunsa, aka gina masa sashe a bayan rumfar, da tanderu da mutum arba'in. Daga nan aka koma kiransa Mai Tanderu. Girarsa ta ƙone sau biyu, ba ta ƙara fitowa daidai ba. Kwalabe nawa suka fashe, nawa suka yi duhu, sai shi da mutanensa. Ranar da kwalbar gida ta kama haske ta riƙe, shi aka ba buroshi ya ja layin ƙarshe a allon get. Layin ya fito a karkace, aka bar shi haka.

Akwati ɗari huɗu na farko masu kwalbar gida suka biyo ta teburin Mai Madubi. Ya sha jinin jikinsa, don ya san waɗannan wata uwar ce ta haife su, amma abin da ya iya kenan. Biyu, biyu da kwata, uku da rabi, ɗigon fenti. Ba a yi sati biyu ba suka fara dawowa a bayan motoci. Fuskokin mutane kore suke fitowa. Gari ya samu abin dariya, wai mai karanta labarai ya ci ganye ya ƙoshi, wai in kana so ka ga yadda kake komawa in amai ya taso maka, ka sayi ta gida. Jaridu ma suka ɗauka.

Aka yi taro a tsaye a gaban teburin ƙarshe: manaja, da injiniyan ƙetaren, da Mai Tanderu, ma'aikata kuma sun rage hannu a aiki suna kasa kunne. Manaja ya ce yau dai a fasa ɗigon, Mai Madubi ya sake saitawa a gaban kowa. Abin da ake bukata a wurinsa kaɗan ne ƙwarai. Da sai kawai ya ce idonsa ya gaji, wani ya zo ya duba. Ko ya ce su da ke gaba su riƙa gaya masa in ya yi. Mai sharar da ke tsaye da tsintsiya ma zai iya gaya masa. Amma mutumin da aka shekara goma sha shida ana cewa ba a ja da idonsa, ta yaya zai tambayi mai shara? Ya sa sukudireba, ya murɗa nan ya murɗa can a makance, yana sauraron numfashin mutanen ko zai ji alamar ya dace. Ba wanda ya yi motsi. Ya mayar da komai inda ya saba, ya zare hannu.

"Kwalbar ba ta karɓar saiti," ya ce.

Mai Tanderu ya zagayo bayan teburin, ya sunkuyo, ya rage murya yadda ba wanda zai ji. "Auta, ka tabbata?"

"Na tabbata, Babban Yaya."

Mai Tanderu ya gyaɗa kai ya miƙe. Bai ce a ba shi sukudirebar ba, bai ce a kira wani ba. Shi ne fa wanda ya fi kowa yi wa sababbin ma'aikata faɗa in sun yi gardama da teburin ƙarshe. Injiniyan ƙetaren, wanda da ya sa hannu minti ɗaya ya ishe shi, ya bar hannayensa a aljihu yana kallon rufi, don kwalabensu za a koma saye. Manajan ma dama tanderun ya ishe shi. Saboda haka kada a ɗora wa Mai Madubi duka, akwai masu jira a bakin ƙofa. Shi ne dai ya buɗe musu.

Aka kashe tanderu, aka sallami Mai Tanderu da mutanensa arba'in. Wani lebura ya hau tsani ya shafe karkataccen layin nan da baƙin fenti. Mai Tanderu ya yi ta zagayen neman aiki, duk inda ya je sai a tambaye shi ko shi ne na korayen fuskoki. Ƙarshenta ya kafa tebur a bakin titi yana yanka gilashin taga da na firam. Suka bar gidan kamfani suka koma ɗaki biyu a bayan kasuwa. Yaya ta nemo keken ɗinki, 'yarsu ta fari da ke son karatun likita ta dawo gida tana taya ta.

Da a nan abin ya tsaya, da Mai Madubi ya yi wa kansa ƙarya ya ce wataƙila dama kwalaben ba su da kyau. Allah bai bar masa wannan mafakar ba. Bayan wata huɗu, a tashar bas, wani mai gyaran talabijin na kasuwa ya gane shi, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce ya kwashi kwalabe talatin daga waɗanda kamfani ya zubar, kuma bai taɓa ɗaura masu haske irinsu ba. Korensu ne kawai ke da ƙarfi, in aka rage masa juyi ɗaya shi ke nan, fuska ta fito kamar ka yi mata magana. Ya ce shi bai gane abin da manya suka gani ba, amma su ne masu ilimi, ballantana ga Mai Madubi a wurin. A lokacin tanderun yana nan tsaye, mutanensa ma ba su yi nisa ba. Washegari Mai Madubi ya je har ƙofar ofishin manaja, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Daga baya yakan gaya wa kansa cewa 'ya'yansa huɗu ya tuna, da gidan kamfani. Ƙarya yake yi. Dariyar ya tuna, yadda za ta taso daga wannan ƙarshen rumfar zuwa wancan. Sakatare ya tambaye shi ko lafiya, ya ce ɓatan hanya ya yi, a wurin da ya shekara goma sha shida. Watan da ya biyo aka kawo masu yankan ƙarfe suka yi gunduwa-gunduwa da tanderun.

An koma kwalbar ƙetare, uku da rabi ta koma daidai, Mai Madubi ya ci gaba da zama gwani. Masana'antar ce ba ta ƙara miƙewa ba. Da aka fasa kwalba sai aka ga lasifikar waje ma ta fi sauƙi, sai wayoyi, sai roba ta kori katako. Lebura ya yi ta hawa tsani har aka gaji aka tumɓuke allon gaba ɗaya. A shekarun ƙarshe akwatunan a haɗe suke zuwa, a saite, bayansu a rufe, aikin waɗanda suka rage shi ne su ɓamɓare tambarin wasu su manna nasu. Madubinsa masu gadi suka ɗauke suna aske gemu. Da talabijin mai faɗi kamar faranti ta shigo, aka sa wa get kwaɗo. Yanzu tayil ake ajiyewa a rumfar. Masana sun ce abubuwa da yawa suka kashe ta, rashin wuta da 'yan fasa-ƙwauri da manajoji masu dogon hannu, kuma gaskiya ne. Shi dai in an tayar da zancen a wurin hira sai ya tashi ya ce zai zaga.

Abin da ya kasa faɗa da baki sai ya koma yi da jiki. Rufin Yaya in ya yi yoyo shi ne a sama. Ƙafar Mai Tanderu in ta kumbura shi ke goya shi a babur zuwa asibiti, shi ke bin layin magani. Dangi suka riƙa ba da misali da shi, a ce wa samari su koyi zumunci a wurin Auta, shi kuwa ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Mai Tanderu bai taɓa ɗaga maganar ba. Yakan dai tsokane shi irin na miji da ƙanin mata, ya ce ga mai ido nan, a ɓoye duk abin da ya karkace. Talabijin kuwa ba ta ƙara shiga ɗakin Mai Tanderu ba, rediyo yake ji.

Asirin da ya gagari injiniyoyi, wata likitar ido 'yar shekara talatin ce ta tone shi cikin minti biyu, ba ta ma san ta yi ba. Yanar ido ce ta fara rufe masa na hagu, 'yarsa ta biyu, malamar makaranta, ta kai shi. Bayan an gama karanta haruffa, likitar ta buɗe wani ɗan littafi mai ɗige-ɗige masu launi, ta ce ya faɗi lambar da ke ciki. Ya duba. Babu sukurun da zai ƙirga a nan. Shafin farko ya gani, sauran ɗige-ɗige ne kawai. Likitar ta yi murmushi ta ce ba abin damuwa ba ne, da shi aka haife shi, maza da yawa ja da kore ba sa rabuwa a idonsu, tun da ba jirgi zai tuƙa ba ya kwantar da hankalinsa. Ta tambaya cikin raha wane aiki Baba ya yi a zamaninsa.

'Yar ta riga shi, tana dariya. "Ai Baba shi ne mai saita kala a kamfanin…" Sai ta tsaya. Da labarin korayen fuskoki ta girma, ta kuma san dalilin da ya sa 'yar gwaggonta ta ƙare a kan keken ɗinki. A fuskarta ya ga lokacin da ta haɗa zancen.

Suka hau bas suka koma. Sai a ƙofar gida, tana laluben makulli a jaka ba ta dube shi ba, ta ce, "Baba, ni ba zan gaya wa kowa ba, ba hurumina ba ne. Amma ka yi haƙuri, ba zan ƙara raka ka gidan Gwaggo ba. Ba zan iya zama ina kallo tana zuba maka ruwa ba." Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Kwana uku ya yi yana shiga yana fita. Ranar Laraba da hantsi, ranar da ba ta zuwansa ba, ya sa riga ya tafi. Ya tarar da Mai Tanderu a baranda, ya haura tamanin yanzu, ƙafafu a kan 'yar kujera, yatsunsa duk tabon gilashi. Yaya tana can ciki tana wanki, ana jin ƙarar famfo. Tsohon ya fara tsokana, yana tambaya ko matar ce ta koro shi. Mai Madubi bai zauna ba. Ya durƙusa a siminti, gwiwoyinsa na ƙara, ya fara. Ya faɗi na tumatir, da na samfur, da ƙirgen, da mai gyaran kasuwa, da ƙofar manaja. Bai tsaya ba, don ya san in ya tsaya ba zai ci gaba ba. Ya gama, kansa a ƙasa, yana jiran tsinuwa ko mari ko a nuna masa hanya.

Da ya ɗago sai tsohon ya jefo masa tambaya.

"Juyi nawa ka ce kana ba koren?"

"Uku da rabi."

"Mutumin kasuwa kuma ya ce a rage ɗaya."

"Ɗaya tak."

"To ai dole," in ji Mai Tanderu, ya bugi hannun kujera. "Hodar koren da muka shafa a ciki ta fi tasu ƙarfi, ni na haɗa ta. Na san ta fi tasu. Auta, kenan kwalaben lafiyarsu lau?"

"Lafiyarsu lau, Babban Yaya."

"Duka ɗari huɗun?"

"Duka."

Sai tsohon ya fashe da dariya, hawaye na bin kumatunsa. Murna yake yi. Ya ce littattafan nan shida ya bi su shafi-shafi har takardun suka ruɓe, yana neman inda ya kuskure. Wani lokaci yana tsakiyar yanka wa mutum gilashi sai wani zato ya faɗo masa, ko zafin tanderu ne, ko ruwan wanki ne, sai ya yanke yatsa. Ashe ba su kuskure ba, ashe sun yi. Ya kama kafaɗar Mai Madubi yana jijjigawa, har da sa masa albarka da ya zo ya faɗa tun yana da rai. Wannan albarkar ta fi mari zafi. Kunya ta lulluɓe Mai Madubi, ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Daga nan tsohon ya shiga kiran mutanensa ɗaya bayan ɗaya da laƙabinsu, yana lanƙwasa yatsu: waɗanda za a aika wa, da waɗanda ba a san inda suke ba. Da ya zo kan waɗanda suka rasu sai dariyar ta ɗauke. Sun fi rabi.

"Tashi ka kira mini Yayarka," ya ce. "Ka maimaita a gabanta yadda ka faɗa mini, kada ka rage komai."

Mai Madubi ya roƙe shi ya bari sai wata rana, a bi ta a hankali saboda hawan jininta.

"A'a. Ranar da aka sallame ni na dawo gida na ce mata ni dai ban ga inda na yi kuskure ba. Ka san abin da ta ce? Ta ce, in Auta ya ce ba ta da kyau, to ba ta da kyau, ka haƙura. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Ta rufa mini asiri, ba ta taɓa goranta mini ba. Amma duk shekarun nan ina zaune ɗaki ɗaya da matar da ta yarda mijinta ya gaza. Wannan nake so ka cire mini."

Mai Madubi bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya yi tunanin aikin, ya yi tunanin gidan, ya yi tunanin karatun yarinyar, amma bai taɓa tunanin abin da ya shiga tsakanin mutum biyun nan ba. Ya dafa bango ya miƙe, ya bi siririn lungun da ke kaiwa tsakar gida. Yaya tana sunkuye a kan baho, bayanta ya rankwafa, tana matse riga da hannun da ba sauran ƙarfi. Ta juyo ta gan shi, fuskarta ta washe.

"Auta, kai ne da hantsin nan? Ya kuka yi da likitar? Me ta ce game da idon?"

"Ki zo, Yaya," ya ce. "A gaban Babban Yaya zan faɗa."

Ta goge hannu a zani ta biyo bayansa, tana ce masa kada ya ji tsoro, ko aiki za a yi masa ita za ta zauna da shi a asibitin.